Konbolushan a aikin hoto: yadda za ka gwada hanyoyin kafin ka zaɓi ɗaya

Yawancin abin da ake yi wa hoto a binciken kimiyya, tun daga rage hayaniya a hoton taurari har zuwa fito da iyakar ƙwayar halitta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, lissafi ɗaya ne ke ɗauke da shi, shi ne konbolushan. Za ka ɗauki ɗan ƙaramin jadawalin lambobi, wanda masu sana'ar ke kira kanel, mu kuma a nan za mu ce masa mataci. Ka aza shi a kan hoton, ka ninka kowace lamba da ɗigon da ke ƙarƙashinta, ka tara, ka rubuta jimillar a tsakiya, sannan ka matsa gaba da ɗigo ɗaya ka sake. Shi ke nan.

Abin da ke rikita mutum shi ne yawan hanyoyin. A SciPy kaɗai, wanda laburaren lissafi ne na harshen kwamfuta Python, akwai `convolve2d`, da `fftconvolve`, da `oaconvolve`, da `convolve` guda biyu, ɗaya a `signal` ɗaya a `ndimage`. Sauran manhajojin lissafi da na hoto ma kowace da nata: ga `filter2D` na OpenCV, ga `conv2` da `imfilter` na MATLAB, ga na Astropy. Mutane kan yi saurin ɗauko agogo su ga wanne ya fi gudu. Ni a ganina agogo shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa, domin sau da yawa hanyoyin da ake gwamawa ba ma amsa ɗaya suke bayarwa ba.

Mataki na 1: Tabbatar duk suna yin lissafi ɗaya

A konbolushan na gaskiya ana juya mataci, sama ya koma ƙasa, hagu ya koma dama, kafin a aza shi. Idan ba a juya ba, lissafin ya zama korileshan. Duba wannan layi na ɗigo biyar: 10, 10, 10, 50, 50. Mataci kuma 1, 0, −1. A ɗigo na uku, maƙwabcin hagu 10 ne, na dama 50. Ba tare da juyawa ba za ka sami 10 − 50, wato −40. Idan an juya, +40. Girman ɗaya ne, alamar ce ta sauya. Wanda ke lissafin inda haske ya nufa ko inda wani abu ke motsawa, duk kibiyoyinsa sun juya baya ke nan, kuma babu saƙon kuskure da zai faɗa masa.

`filter2D` na OpenCV korileshan yake yi, takardun bayaninsa ma sun faɗi haka. `imfilter` na MATLAB shi ma haka, sai ka gaya masa kana son konbolushan. `conv2d` na PyTorch, duk da sunansa, korileshan ne. Mataci irin na Gauss, wanda lambobinsa suka fi girma a tsakiya suna raguwa zuwa gefe, ba ya tona wannan asiri, saboda ko ka juya shi yana nan yadda yake, shi ya sa mutum zai yi shekaru bai lura ba.

Gwajin da ke warware maganar ba ya ɗaukar minti ɗaya. Yi hoto baƙi ƙirin mai ɗigo ɗaya tak a tsakiya, ka tace shi da mataci wanda duk lambobinsa sun bambanta:

```python
import numpy as np
from scipy import signal, ndimage

hoto = np.zeros((9, 9))
hoto[4, 4] = 1.0
mataci = np.arange(1, 10, dtype=float).reshape(3, 3)

print(signal.convolve2d(hoto, mataci, mode="same")[3:6, 3:6])
print(ndimage.convolve(hoto, mataci, mode="constant")[3:6, 3:6])
print(ndimage.correlate(hoto, mataci, mode="constant")[3:6, 3:6])
```

Biyun farko za su nuna maka 1 zuwa 9 a jere, na ukun kuma 9 zuwa 1. Duk sabon umarnin da ya shigo hannunka, ka fara yi masa wannan gwaji. Zai kuma nuna maka inda umarnin ya ɗauka tsakiyar mataci take. Mataci 4×4 ba shi da ɗigon tsakiya, kowane laburare da gefen da yake karkata, sai ka ga hotuna biyu sun goce wa juna da ɗigo ɗaya. Mafi sauƙi shi ne ka tsaya kan 3, 5, 7, 31 da makamantansu.

Mataki na 2: Ku yi yarjejeniya a kan bakin hoto

Idan mataci ya kai bakin hoto, rabinsa yana lilo a waje, dole a ƙirƙiro abin da za a sa a wurin. `convolve2d` da `fftconvolve` sifili suke zubawa, shi ya sa hoto ke fitowa da duhu-duhu a kewaye kamar an yi masa firam. `ndimage.convolve` kuwa yana naɗo hoton ne kamar madubi.

Madubin ma iri biyu ne, kuma sunayen da aka ba su a laburare daban-daban sun harɗe. Ka ɗauka layin ya fara da a b c d. Wani madubin yana maimaita ɗigon baki, ya ba ka b a | a b c d. Wani ba ya maimaitawa, ya ba ka c b | a b c d. Na farkon `ndimage` yana kiransa `reflect`, `np.pad` yana kiransa `symmetric`. Na biyun `ndimage` yana ce masa `mirror`, `np.pad` kuma yana ce masa `reflect`. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, a laburare biyu da kusan kullum tare ake amfani da su. OpenCV na biyun yake ɗauka idan ba ka ce komai ba. Na taɓa ɓata yini guda ina neman kuskure a lissafina, ashe bambancin duk a ɗigo bakwai na kewaye yake, tsakiyar hoton kuwa daidai take har lamba ta ƙarshe.

Dabarar da nake bi tun daga ranar ita ce in ƙara wa hoton baki da hannuna sau ɗaya, sannan in ce wa kowace hanya ta ba ni ɓangaren da mataci ya zauna cikakke kawai:

```python
r = mataci.shape[0] // 2
fadadde = np.pad(hoto, r, mode="symmetric")
a = signal.fftconvolve(fadadde, mataci, mode="valid")
```

Sakamakon zai dawo daidai girman hoton asali, kuma FFT, hanyar da `fftconvolve` ke bi (za mu zo kanta a Mataki na 6), ta sami bakin madubi wanda ita da kanta ba ta bayarwa.

Mataki na 3: Duba irin lambobin

Hoton da aka karanto daga fayil yawanci `uint8` ne, 0 zuwa 255. Wancan −40 ba shi da wurin zama a ciki. OpenCV yana datse shi ya koma 0, a wasu wuraren kuma lambar kan zagayo ta zama 216. `ndimage` yana mayar da amsa da irin lambar da ka ba shi, don haka ka juya hoton zuwa `float32` ko `float64` tun kafin ka fara, kuma iri ɗaya za ka ba duk hanyoyin da kake gwadawa.

Mataki na 4: Ƙidaya aikin a takarda

Ɗauki hoto 2048×2048. Ɗigo 4,194,304 ke nan. A hanyar kai tsaye, kowane ɗigo yana cin ninkawa daidai yawan lambobin mataci. Mataci 3×3, ninkawa 9 a ɗigo, kusan miliyan 38 gaba ɗaya, abin da kwamfuta ba ta ko ji a jikinta. Mataci 31×31, ninkawa 961 a ɗigo, jimilla ta haura biliyan 4. Faɗin mataci ya ƙaru kusan sau goma, aiki ya ƙaru fiye da sau ɗari. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya gaya maka cewa hanyar kai tsaye ta ƙananan matatai ce.

Tana da abin yabo, amma. Ba ta buƙatar ƙarin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma abin da ya faru a wani ɗigo ba ya shafar na nesa da shi. Saboda haka ita za ka mayar ma'auni. Yi lissafin da ita a `float64` a kan ɗan yanki, ko da 256×256 ne, ka ajiye amsar, duk sauran hanyoyin da ita za ka auna su.

Mataki na 5: Tambayi mataci ko yana rabuwa

A nan ribar take, kuma a nan ne na ga an fi yin sakaci. Wasu matatan ana iya samar da su ta ninka layi ɗaya na tsaye da layi ɗaya na kwance. Idan haka ne, ba sai ka aza jadawalin gaba ɗaya ba. Ka bi hoton daga sama zuwa ƙasa da layin farko, ka bi sakamakon daga hagu zuwa dama da na biyu. Maimakon 961 sai ka biya 31 + 31, wato 62 a ɗigo, kusan miliyan 260 a madadin biliyan 4. Amsar kuma ita ce dai, ba kusanta ake yi ba.

Mataci na Gauss yana rabuwa. Na matsakaici, wanda duk lambobinsa ɗaya ne, yana rabuwa. Na Sobel, mai fito da iyakokin abubuwa, ma haka: 1, 2, 1 a tsaye, 1, 0, −1 a kwance. Mataci mai siffar faifai ba ya rabuwa, haka Gauss mai tsawo da aka karkatar da shi a kusurwa. Ba sai ka yi ta hasashe ba, SVD, lissafin da ke warware jadawali zuwa irin waɗannan layuka tare da nauyin kowannensu, za ta faɗa maka:

```python
U, s, Vt = np.linalg.svd(mataci)
print(s / s[0])

tsaye = U[:, 0] * np.sqrt(s[0])
kwance = Vt[0, :] * np.sqrt(s[0])
b = ndimage.convolve1d(hoto, tsaye, axis=0, mode="reflect")
b = ndimage.convolve1d(b, kwance, axis=1, mode="reflect")
```

Idan lamba ta farko 1 ce, sauran kuma sun faɗi ƙasa da 10⁻¹⁵ ko kusa da haka, mataci ya rabu tsaf. Idan biyu ko uku ne ke da nauyi, har yanzu ba ka yi asara ba. Za ka iya yin tacewar da kowane ma'aurata, wato layin tsaye da na kwancensa, daban, ka tara sakamakon. Mataci na Laplace mai −4 a tsakiya da 1 a gefuna huɗu, alal misali, ma'aurata biyu ne ke haɗa shi. Ga mataci 31×31, ma'aurata uku ninkawa 186 ne a ɗigo, har yanzu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na 961 ba. Sai dai idan ka jefar da ƙananan lambobin, ka san kusanta ka yi, kuma dole ka auna ratar da ma'aunin da ka ajiye.

`convolve2d` ba zai duba maka ko mataci yana rabuwa ba. Abin da ka ba shi zai niƙa. `gaussian_filter` na `ndimage` da `sepFilter2D` na OpenCV su ne aka gina a kan rabuwar, a MATLAB kuma `conv2` yana karɓar layukan biyu daban. Ka lura da wani abu a `gaussian_filter`: yana yanke wutsiyar Gauss a ninki huɗu na sigma, wato ma'aunin faɗin Gauss ɗin, don haka sigma 5 yana ba ka mataci mai faɗin 41. Wani laburaren yana iya yankewa a wani wuri. Idan gwaji kake yi, gina mataci sau ɗaya da hannunka ka raba wa kowa.

Ga mataci na matsakaici akwai abin da ya fi rabuwa ma. Idan taga ta matsa da ɗigo ɗaya, ka ƙara wanda ya shigo, ka cire wanda ya fita, ba ruwanka da faɗin tagar. Haka `uniform_filter` yake yi. Jadawalin tara jimilla da Frank Crow ya gabatar a 1984 shi ma kan wannan tunani yake, lambobi huɗu sun isa su ba ka jimillar kowane murabba'i komai girmansa.

Mataki na 6: FFT, da abin da take karɓa a madadin gudunta

Idan mataci babba ne kuma ya ƙi rabuwa, kamar hoton yadda na'urar hangen nesa ke baza hasken tauraro guda, sai a koma wajen sauyin Furiye, lissafin da ke mayar da hoto tarin igiyoyi. Ka sauya hoto, ka sauya mataci, ka ninka su ɗigo da ɗigo, ka sauyo baya. Hanyar sauri ta yin wannan sauyi, wato FFT, ita ce wadda James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965. Kuɗin aikin ya dogara ne da girman hoto, faɗin mataci kusan ba ya cikin lissafi. Mataci 31 da mataci 301 kusan lokaci ɗaya za su ci.

Abu na farko da za ka kiyaye: sauyin Furiye yana ɗaukar hoto kamar an naɗe shi, bakin dama na taɓa na hagu. Idan ba ka ƙara fili ba, tauraro mai haske a gefen dama zai ɓullo a gefen hagu. Filin da ake buƙata shi ne faɗin hoto da na mataci a haɗe, a cire 1. A misalinmu 2048 + 31 − 1, wato 2078. Wannan lamba kuwa ba ta yi wa FFT daɗi, domin 2 sau 1039 ce, 1039 kuma ba ta rabuwa. Gara a ƙara zuwa 2160, wadda 2 da 3 da 5 ne kawai suka haɗa ta. `fftconvolve` yana yin duk wannan da kansa. Idan kai ne ke rubutawa da `rfft2`, kira `next_fast_len`.

Na biyu, kuskuren zagaye lamba. A hanyar kai tsaye, inda hoto yake sifili amsa sifili ce cif. A FFT kowane ɗigo ya gauraya da kowane, don haka kuskuren yana bin girman lamba mafi girma a hoton, ya bazu ko'ina. `float32` yana riƙe daidaito na kusan kashi 1 cikin miliyan 10. Tauraro mai ƙima 60,000 zai iya yayyafa kuskure na 'yan dubbai na ɗaya a duk faɗin sararin da ya kamata ya zama baƙi. Idan abin da kake nema wani dusasshen haske ne a gefe, ka shiga uku. Ko a `float64` za ka ga ƙananan lambobi masu alamar ragi a inda kake sa ran sifili, kuma da zarar ka ɗauki logaridim ko tushen murabba'i sai NaN ta fito, wato alamar da kwamfuta ke sawa idan amsar ba lamba ba ce.

Na uku, NaN ɗin kanta. Ɗigo ɗaya da ya lalace a hanyar kai tsaye yana ɓata yanki daidai girman mataci. A FFT hoton gaba ɗaya yake komawa NaN. Maganin shi ne ka sa sifili a wuraren da suka lalace, ka tace, sannan ka tace wani hoto mai 1 a wurare masu kyau da 0 a lalatattu, ka raba na farko da na biyu. `convolve` da `convolve_fft` na Astropy an yi su ne don irin wannan hoto, suna cike gurbin daga maƙwabta. Ka sani dai suna daidaita mataci jimillarsa ta zama 1 idan ba ka hana ba, abin da ba zai yiwu ga mataci irin na Sobel ba, wanda jimillarsa sifili ce.

Idan hoton ya yi girma ƙwarai, matsalar ta koma ta wuri. Hoto 20,000×20,000 a `float32` gigabait 1.6 ne tun kafin a taɓa shi, FFT kuma tana son kwafi da yawa masu wannan girman. `oaconvolve` yana yanka hoton gunduwa-gunduwa, ya yi wa kowace FFT, ya tara inda suka hau juna. Ya fi dacewa idan hoto ya fi mataci girma nesa ba kusa ba.

Mataki na 7: Yanzu ɗauko agogo

Kafin kowane awo, tabbatar amsar ta yi daidai da ma'auni. Kada ka tsaya kan `np.allclose` kawai. Cire hoto ɗaya daga ɗaya ka kalli ragowar da idonka. Idan bambancin ya yi firam a kewaye, matsalar baki ce. Idan ya bi iyakokin abubuwan da ke cikin hoton, an goce da ɗigo ɗaya ko ba a juya mataci ba. Idan kuwa yayyafi ne ƙanana ko'ina, zagaye lamba ne kawai.

```python
import time

def auna(aiki, sau=7):
    aiki()
    lokuta = []
    for _ in range(sau):
        t = time.perf_counter()
        aiki()
        lokuta.append(time.perf_counter() - t)
    return min(lokuta)
```

Kiran farko ba ya cikin lissafi, saboda a lokacin ne ake loda abubuwa da shirya wuri. Ina ɗaukar mafi ƙanƙantar lokaci, domin duk abin da ya ƙaru a kansa wani aikin ne daban ya tsoma baki. Yi awon da faɗin mataci 3, 5, 9, 15, 31, 63, 127 a kan hoto mai girman wanda za ka yi aiki da shi da gaske, ka zana sakamakon. Layin hanyar kai tsaye zai miƙe sama da sauri, na rabuwa zai hau a hankali, na FFT zai kwanta kusan a miƙe. Inda suka gitta juna shi ne abin da kake nema, kuma wurin yana sauyawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, shi ya sa lambar da wani ya samu a tasa na'urar ba za ta yi maka aiki ba.

Akwai abubuwan da ke gurɓata wannan zane. OpenCV yana raba aiki a kan cibiyoyin kwamfuta da yawa, `fftconvolve` kuwa da ɗaya yake aiki sai ka ba shi izini ta `scipy.fft.set_workers`. Idan hanyoyin kake son gwadawa ba laburaren ba, sa `cv2.setNumThreads(1)`. Sannan `filter2D` da kansa yana sauya sheƙa zuwa Furiye idan mataci ya kai wajen 11×11, don haka layinsa zai lanƙwasa a tsakiya, kada ka ɗauka kuskure ne. `signal.convolve` ma yana zaɓar hanya da kansa, kuma `choose_conv_method` tare da `measure=True` zai gwada biyun a kan bayananka ya gaya maka wadda ta ci. Tsakanin kai tsaye da FFT kawai yake zaɓa, bai san zancen rabuwa ba.

Idan hotuna dubu za ka tace da mataci ɗaya, `fftconvolve` zai sake sauya mataci sau dubu. Sauya shi sau ɗaya da `rfft2` ka ajiye, sauyi uku a kowane hoto sun koma biyu.

Katin zane, wato GPU, yana da nasa tarkon. A CuPy ko PyTorch umarni yana dawowa tun kafin katin ya gama aiki, sai agogonka ya nuna maka lokacin da ba gaskiya ba. Kira `synchronize` kafin ka tsayar da agogo. Kuma ka auna sau biyu: da lokacin kai hoton cikin katin da dawo da shi, da kuma ba tare da shi ba. Ga hoto ɗaya da mataci 3×3, jigilar kan cinye ribar duka. Idan kuwa hoton zai zauna a katin a yi masa matakai goma a jere, awo na biyun ne ya shafe ka.